Mai ihu da mai shiru: yadda nake koya wa sababbin ma'aikatan motar asibiti duba wanda ya ji rauni

Ranar farko ta horo ba na shiga aji da littafi. Ledar ruwa goma nake jerawa a kan tebur, da jarkar zoɓo a gefe. Kowace leda rabin lita ce, goman nan kuwa kimanin jinin da ke jikin babban mutum ke nan, lita 5. Sai mu fita waje, in zuba zoɓo rabin lita a kan siminti, rabin lita a kan jar ƙasa, rabin lita a kan tsohuwar babbar riga, in ce kowa ya kimanta. Na kan siminti sai su ce lita biyu ne. Na kan ƙasa, da yake ya tsotse, sai su ce bai cika kofi ba. Babbar rigar kuwa ta shanye nata, in ba ɗaga ta ka yi ba, ba za ka san da komai a ciki ba. Ina yin haka ne don su gani da kansu cewa ido kaɗai ba ya isa a wurin haɗari.

Ni da tsada na koyi wannan. Ina sabon shiga aiki, wata asuba cikin hunturu, aka kira mu tsakanin Rigachikun da Maraban Jos, a hanyar Kaduna zuwa Zariya. Wata bas ce ta afka wa tirelar da ta lalace aka bar ta kan titi ba alama. Na tarar da wani saurayi yana kururuwa, ƙashin ƙaurinsa ya fito waje, sai na durƙusa a kansa. Can gefe wani dattijo mai farar babbar riga yana zaune a bakin kwalta, hularsa a hannu. Ya ce mini, "Yaro, ka ji da su, ni ba komai. Ƙishi kawai nake ji." Na ce, "To Baba, ina zuwa." Na kwashe kusan minti ashirin ina ɗaure ƙafar da ba za ta kashe mai ita ba. Da na koma kan dattijon, ya jingina, gumi mai sanyi ya jiƙa goshinsa, na laluba wuyan hannunsa ban ji bugu ba. Mun kai shi asibiti da sauran numfashi, aka shiga da shi tiyata, aka tarar saifarsa ta fashe, cikinsa cike da jini. Bai fito ba. Allah ya jiƙansa. Na san ajali ne, amma ƙishin da ya ambata alama ce, kuma ban karanta ta ba. Duk ajin da na karɓa sai na ba su labarin nan.

Tsarin da zan bayyana ba ni na ƙirƙira shi ba. A 1976 wani likitan ƙashi a Amurka, James Styner, ya faɗi da ƙaramin jirginsa a jihar Nebraska. Matarsa ta rasu nan take, 'ya'yansa suka ji munanan raunuka, kuma kulawar da suka samu a ƙaramin asibitin da ya kai su ta tayar masa da hankali. Shi da abokan aikinsa suka tsara kwas da aka fara koyarwa a 1978, daga baya ya yaɗu a duniya. Ginshiƙinsa shi ne a fara da abin da zai fi saurin kashe mutum. Littattafan horo suna rubuta matakan da haruffan ABCDE, a 'yan shekarun nan kuma aka ƙara X a gaba saboda zubar jini mai tsanani. Ni ina sa ɗalibaina su haddace da Hausa, suna maimaitawa kamar karatun allo: jini, hanyar iska, numfashi, bugu, hankali, a buɗe a rufe.

Amma kafin ka taɓa kowa, tsaya. Da ka sauko daga mota, ba wa kanka daƙiƙa goma ka dubi wurin. A hanyar Nnamdi Azikiwe da ke Kaduna da ta Abuja manyan motoci ba sa rage gudu don an yi haɗari, balle da hazo. Ajiye motarka ta tare muku titi, a sa alama can nesa, a kashe injin motar da ta yi haɗarin. Shaƙi iska: in kana jin warin fetur, a kori masu sigari da masu kawo jarka. Duba ko akwai wayar lantarki a ƙasa. Sa safar hannu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. In mota ta kaɗe ka, an ƙara majiyyaci an rasa mai taimako.

Jama'a za su taru, wannan dole ne. Kada ka ɓata lokaci wajen korar su, ba su aiki. Wannan ya tsayar da motoci, wancan ya haska fitilar wayarsa, wani ya kira 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, ko 112. In ka hango 'yan agaji da kakinsu, ka samu abokan aiki, da yawansu sun yi horon taimakon gaggawa. Abu biyu kawai za ka hana da babbar murya: jan mutum daga cikin mota ta hannu da ƙafa, da ɗura masa ruwa ko madara. Mai magagi zai iya shaƙewa, kuma wanda za a shiga da shi tiyata gara cikinsa babu komai.

Motar ma tana ba da labari. Sitiyari ya lanƙwashe, ka zargi ƙirji da ciki. Gilashin gaba ya tsage kamar saƙar gizo, ka zargi kai da wuya. Ɗan acaba da aka tsinta nesa da babur ɗinsa ba hular kwano, ka ɗauke shi a matsayin mai mugun rauni ko da yana murmushi.

In mutanen suna da yawa, ɗaga murya ka ce, "Duk mai iya tafiya ya taso ya zo gindin bishiyar nan." Waɗanda suka taso za su iya jira. Sauran ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kada kowa ya ci maka fiye da rabin minti. Wanda numfashinsa ya haura 30 a minti, ko ba a jin bugu a wuyan hannunsa, ko ba ya iya bin umarni mai sauƙi irin "matse hannuna", shi ne na farko. Waɗanda ke gindin bishiya kuma ka aika wani ya riƙa leƙa su, domin dattijon da na ba ku labari zai iya tashi ya je can da ƙafarsa.

Yanzu ga ka a kan mutum ɗaya. Fara da jini. Wanda ke tsartuwa, ko ya taru ƙarƙashinsa, ko ya jiƙa tufafi sharkaf, shi nake nufi. Babbar jijiyar cinya in ta yanke, 'yan mintoci sun isa. Dora ƙyalle mai tsabta ka danna da duk nauyinka, gwiwar hannu a miƙe. In ramin rauni ne a matsematsi ko hammata, cusa bandeji ciki har ya cika, ka ci gaba da dannawa. In a hannu ne ko ƙafa kuma dannawa ba ta tsayar ba, sa maɗaurin tsayar da jini santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gwiwa ba, ka murɗa har jinin ya tsaya. Zai yi zafi ƙwarai, gaya masa tun kafin ka murɗa. Rubuta lokacin a jikin maɗaurin ko a goshinsa, kuma kada ka sassauta shi a hanya. In babu na asibiti, ɗankwali ko rawani da aka naɗe ya yi faɗi, da sanda mai ƙwari, za su yi. Igiya da waya suna yanka nama ne kawai. Kuskuren da na fi gani wurin ɗalibai shi ne tausayi: su ɗaura sako-sako don kada mutum ya yi kuka, sai jinin ya ƙaru maimakon ya ragu.

Daga nan sai hanyar iska, tare da wuya. Ka zo masa ta gaba don kada ya juya kai neman muryarka. Abokin aikinka ya durƙusa ta bayan kansa ya riƙe shi da hannu biyu. Ka ce, "Sannu Malam, ni ma'aikacin lafiya ne. Kada ka motsa kanka. Yaya sunanka? Me ya faru?" In ya amsa da murya sarai, a lokaci guda ka san hanyar iska a buɗe take, yana numfashi, jini kuma yana kai wa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa mai ihu ba ya tsorata ni kamar mai shiru. In bai amsa ba, kai kunnenka bakinsa. Minshari na nufin harshe ya koma baya ya toshe. Ƙarar kurkurar ruwa na nufin jini ne ko amai. Sa yatsunka a bayan kusurwar muƙamuƙi ta gefe biyu ka tura shi gaba, ba tare da ka ɗaga kai ba. Zuƙe jini da na'ura, cire karyayyen haƙori ko goro in kana ganinsa, kada ka lalube a makance. In ya fara amai, ku juya shi gefe gaba ɗaya kamar gungume, kai da wuya da gadon baya a layi guda. Tsoron ƙashin wuya kada ya sa ka bar mutum ya shaƙe. Wanda ya fito daga gobara da ƙonannen gashin hanci, ko baƙin hayaƙi a baki, ko dasasshiyar murya, maƙogwaronsa zai iya kumbura ya rufe nan gaba kaɗan, a yi sauri da shi.

Numfashi ba a duba shi ta saman riga. Buɗe ƙirjin ka gani. Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Ƙasa da 10 ko sama da 30 matsala ce. Ƙirga da agogo, rabin minti, ka ninka. Ɗalibai suna son rubuta 18 ba tare da sun ƙirga ba, ni kuma da na ga 18 sai in ce a sake a gabana. Dubi ko gefen biyu suna tashi tare. Shafa haƙarƙari, ka ji ko wani sashe yana nutsewa lokacin da saura ke tashi. Saurara ta hammata biyu. In akwai rami a ƙirji da ke tsotsar iska, rufe shi da abin liƙi mai ƙofar fitar iska, ko leda mai tsabta da aka liƙe gefe uku. Abin da ya fi haɗari shi ne iskar da ke taruwa a ƙirji ba mafita, tana matse huhu da zuciya: numfashi na ƙara wuya, gefe ɗaya ya yi tsit, bugu na ƙara sauri, mutum na fita hayyacinsa. Wanda aka horar kuma aka ba izini shi ke sa allura ya fitar da iskar. In ba kai ba ne, ba shi oksijin, ka ɗaga abin da ka liƙa in akwai, ku kama hanya.

A nan nake daɗewa da aji, wato bugun jini. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa. Na lafiyayyen babba 60 ne zuwa 100 a minti. Mai sauri kuma siriri kamar zare, da fata mai sanyi da danshi, a wurin wanda ya yi haɗari, ka ɗauka jini ne yake zuba har sai an tabbatar da akasin haka. Littattafan waje za su ce ka duba ko fuska ta yi fari. A fatarmu, ja fatar ido ta ƙasa ka gani, ka duba cikin leɓe da tafin hannu. Danna farce na daƙiƙa biyar ka saki, ja ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Mace mai lalle ba za ka ga komai a farcenta ba, sai ka gwada a dasashi. Da sanyin hunturu ma yatsu kan yi jinkiri ko a lafiyayye, saboda haka kada ka dogara da alama ɗaya.

Sai in koma kan ledojin nan goma. In ɗauke ɗaya: jiki ya ɓoye, kusan ba za ka ga komai ba. In ɗauke ta biyu: bugu ya ƙara sauri, mutum ya fara damuwa da ƙishi, amma awon hawan jini yana nan daidai. Sai an kai wajen leda uku, kashi 30 cikin 100, kafin awon ya fara faɗuwa a fili. Leda huɗu, rai na kan siraɗi. Wato wanda ya zauna jiran na'urar awo ta gaya masa akwai matsala ya makara. Yara sun fi kowa iya ɓoyewa, suna riƙe awonsu har zuwa ƙarshe sannan su faɗi gaba ɗaya. Dattijo mai hawan jini kuwa, 120 da za ka yi murna da ita na iya zama faɗuwa a wurinsa.

To ina jinin yake zuwa in ba a ƙasa yake ba? Wuri huɗu: ƙirji, ciki, ƙugu, da cinya. Karyayyen ƙashin cinya shi kaɗai zai iya haɗiye leda biyu zuwa uku, ƙugu ya fi haka. Taɓa ciki a hankali ka ji ko ya yi tauri ko yana masa zafi. In kana zargin ƙugu, kada ka jijjiga shi don gwaji, kana iya farfasa jinin da ya fara daskarewa. Ɗaure shi da maɗaurin ƙugu, ko zani da aka naɗe, daidai kan ƙashin da ke fitowa a gefen cinya ta sama, ba a kan cibiya ba, ka haɗa ƙafafu. Jinin ciki ba ka da maganinsa a bakin titi, maganinsa yana ɗakin tiyata. Irin wannan majiyyaci kada ya wuce minti 10 a wurin haɗari. Ƙarin ruwa da sauran aiki a yi su a cikin mota.

Hankali kuma mataki huɗu ne a gaggauce: a farke yake, ko sai an yi magana yake amsawa, ko sai ya ji zafi, ko ba ya amsa komai. In da lokaci, yi ma'aunin Glasgow da Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fitar a 1974: ido maki 4, magana 5, motsi 6, jimilla daga 3 zuwa 15. Mai 8 zuwa ƙasa ba zai iya kare hanyar iskarsa ba. Haska ƙwayar ido biyu. Ɗaya ta buɗe ba ta motsi, alamar matsi ce a cikin kai. Ka ce ya motsa yatsun hannu da na ƙafa. Auna sukari, domin akwai direban da faɗuwar sukari ce ta jawo haɗarin tun farko. Wanda ke zage-zage yana fizge-fizge, kada ka yarda da masu cewa ya sha wani abu ne. Ƙarancin iska da bugun kai suna sa haka. Wanda kuma ya suma ya farfaɗo yana cewa gida zai tafi, lallashe shi ya bi ku. Akwai jinin da ke taruwa ƙarƙashin ƙoƙon kai a hankali, mutum ya yi hira lafiya lau, bayan 'yan sa'o'i ya faɗi.

A buɗe a rufe. Yanka tufafi da almakashi ka duba ko'ina, ku juya shi ku ga baya, musamman in harbi ne ko sara, har hammata da matsematsi. In mace ce, nemi izininta: "Hajiya, ki yi haƙuri, dole mu duba cikinki, ga 'yar'uwarki za ta duba." Abokiyar aiki ta yi in akwai, mata biyu su riƙe zani su kare. In babu mace, ka yi aikinka da kamun kai, ka buɗe sashe ɗaya ka rufe kafin na gaba. Kunya ta sa na ga an tsallake rauni, kuma ba na yarda da hakan a ajina. Da ka gama, lulluɓe shi da bargo, har ƙarƙashinsa. Jinin wanda jikinsa ya yi sanyi ba ya daskarewa yadda ya kamata, saboda haka masu kwara wa mai rauni ruwa don ya farfaɗo, a dakatar da su. Mai tsohon ciki a karkata ta hagu, don nauyin mahaifa kada ya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya.

A cikin mota ne ake bin jiki daga kai zuwa ƙafa a tsanake, a ɗaure karaya, a duba bugu da ji a ƙasan karayar kafin ɗauri da bayansa. Nan ne kuma ake tambaya, tun yana iya magana, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: akwai maganin da jikinsa ba ya so, wane magani yake sha, yana da sikila ko ciwon sukari ko farfaɗiya, yaushe ya ci abinci, me ya tuna. Dangi za su ce a wuce da shi wurin mai ɗori. Kada ka yi musu da raini, ka nuna musu bugunsa da sanyin jikinsa, ka ce a fara tabbatar da babu jini a ciki.

Sannan ka sake komawa farko. Mai tsanani duk minti 5, mai sauƙi duk minti 15, da duk lokacin da aka motsa shi ko wani abu ya canza. Rubuta kowane awo da lokacinsa, ko a jikin safar hannunka ne. Bugu 96, sannan 110, sannan 124, ya fi kowane awo guda ɗaya faɗin gaskiya.

Zaɓi asibitin da ke da tiyata da jini, ko da akwai ƙarami kusa. A cikin garin Kaduna akwai asibitin Barau Dikko da asibitin sojoji na 44. In kun fi kusa da Zariya, asibitin koyarwa na Shika. Kira su tun kuna hanya. Ka kuma san doka: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa, dokar 2017 kuma ta wajabta karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

A ƙofar sashen gaggawa, rabin minti gare ka. Ina sa kowane ɗalibi ya tsaya gaban aji ya faɗa har sai bakinsa ya saba: "Namiji ne, kimanin shekara 30. Ƙarfe bakwai da kwata mota ta kaɗe shi a kan babur, ba hular kwano. Cinyar dama ta karye, cikinsa da tauri, akwai rauni a ƙeya. Numfashi 26, bugu ya tashi daga 104 zuwa 122, yana amsa magana amma a rikice. Mun riƙe wuya, mun ɗaure ƙugu da cinya, yana kan oksijin." Wanda ya yi in-ina ko ya manta lokaci, sai mu koma fili, abokinsa ya sake kwanciya a ƙasa da babbar rigar nan, a sake zuba zoɓo, ya fara daga daƙiƙa goman farko.